Keken dutse: tambayoyin da aka fi yi mini da amsoshinsu

Tun da na fara shiga daji da keke, tambayoyi kusan iri ɗaya ake ta maimaita mini, wasu da gaske suke son farawa, wasu kuma so suke su ji ko hankalina ɗaya. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni ba ɗan tsere ba ne, mai hawa ne don nishaɗi, kuma mafi yawan abin da zan faɗa a nan sai da na sha ƙasa kafin na gane shi.

Wai mene ne bambancin keken dutse da keken da kowa ya sani?

Daga nesa duk keke ne, taya biyu da sarƙa da feda. Sai ka matso za ka ga tayarsa mai faɗi ce, inci 2.2 zuwa 2.6 galibi, kuma tana da haƙora don ta kama ƙasa da tsakuwa. Kansa miƙaƙƙe ne mai faɗi, akwai shokozoba a gaba, wani har da baya, birkinsa na faifai ne irin na babur, giyarsa kuma tana da taushi sosai saboda hawan tudu. A kan kwalta kam nauyi gare shi, tayar sai gurnani, mai siririn keke zai wuce ka kamar kana tsaye. Amma ku sauka daga titin ku shiga gargada, a nan ne za ka san abin da aka ƙera shi dominsa.

Su wa suka ƙirƙiro wannan abu?

Mutane sun daɗe suna bin hanyar ƙasa da keke, ai lokacin da John Kemp Starley ya fito da keke mai taya biyu kusan girma ɗaya a Ingila a 1885 kwaltar ma ba ta yawaita ba. Amma wasan kamar yadda muka san shi yau, wasu samari ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka tayar da shi a shekarun 1970. Tsofaffin kekunan kamfanin Schwinn na shekarun 1930 da 1940 suke tsintowa, masu nauyin tsiya, su tura su saman dutse sannan su sako su a guje. A watan Oktoba na 1976 suka fara tseren da ake kira Repack, gangara ce ta wajen mita 400 cikin tazarar kilomita 3 da ɗoriya. Sunan ma abin dariya ne: birkin kekunan a cikin cibiyar tayar baya yake, kafin mutum ya kai ƙasa giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa sabo, to wannan sake cusawar ce ta zama sunan tseren.

Joe Breeze ya ƙera firem na musamman don wannan aiki a 1977, Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da kekuna da firem ɗin Tom Ritchey a 1979, sai kamfanin Specialized ya fito da kekensa mai suna Stumpjumper a 1981, daga nan abin ya bazu. An yi gasar duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado a 1990, ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. Abin da nake so mutum ya riƙe daga labarin nan shi ne, waɗanda suka fara abin da tarkacen keke suka fara, ba shokozoba ba komai.

Babu dutse kusa da ni, ke nan ban da rabo?

Sunan ne kawai ke tsorata mutane. Duk inda akwai hanyar ƙafa, burtali, gefen rafi, tsohon ramin da aka haƙi ƙasa, ɗan tudu da saiwoyin bishiya, to ka samu filin wasa. Ni shekarar farko kusan a kan zagaye ɗaya na yi ta, bai kai kilomita 6 ba, kuma bai taɓa gundura ta ba don hanyar ƙasa ba ta zama yadda ka bar ta, ruwan sama ɗaya ya ishe ta ta canza kama.

Wane iri zan fara saya, mai shok ɗaya ko mai biyu?

Mai shok a gaba kawai, wanda 'yan harkar ke cewa hadtel. Dalilina uku ne. Da kuɗin da za ka sayi mai shok biyu na banza za ka samu hadtel mai kyau sosai. Gyaransa ya fi sauƙi don babu boris-boris na mahaɗar baya da za su dame ka. Sannan yana koya maka zaɓen hanya, domin idan ka bi ta kan dutsen da bai kamata ba nan take bayanka zai gaya maka, shi kuwa mai shok biyu shanyewa yake yi ya rufa maka asiri, sai ka ɗauka ka iya alhali keken ne ya iya.

Abin da zan ja kunnenka a kai, kekunan nan masu ƙyalli da wani ƙaton sifirin a tsakiya da ake sayarwa da arha, ka rabu da su. Shok ɗin ado ne, lilo kawai yake yi yana cinye ƙarfinka, nauyi kamar an ɗaura masa bulo. Araha ba ta ado.

Idan kana duba bayanin keke za ka ga ana rubuta tsawon motsin shok da milimita. 100 zuwa 120 na masu son nisa da gudu ne, 120 zuwa 150 shi ne na kowa da kowa, 150 zuwa 180 na masu enduro, wato masu hawa tudu da ƙafarsu sannan su sako gangara a guje, 200 kuma na zallar gangara ne wanda ba a ma hawa tudu da shi, ɗaukarsa ake yi a kai sama. Mai farawa ya tsaya tsakanin 100 da 140 ya huta.

Na hannu fa, akwai matsala?

Babu, kekena na farko na hannu ne kuma ya yi mini shekaru. Sai dai ka je da ido. Ka duba firem a wajen walda, musamman ƙarƙashin wuya da inda sirdi ke shiga, in ka ga tsaga ko siririya ce kamar gashi ka juya abinka. Ka riƙe birkin gaba ka jijjiga keken gaba da baya, in kana jin ƙwas-ƙwas wuyan ya saki. Ka kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, ka juya ta ka ga ko tana rawa. Ƙafafun shok su zama sumul, ba ƙarzuwa ba yoyon mai. Haƙoran giya in sun yi tsini sun karkace, to sarƙa da giyar duk sun gama aiki, ka sa kuɗin canza su a lissafi. Kuma ka nemi shaidar cewa na mai sayarwar ne, akwai lambar firem a ƙasan inda feda take, keken sata ba ya sa albarka.

26, 27.5, 29, me ake nufi da lambobin nan?

Girman taya ne da inci. Da can duk 26 ne, yanzu 29 ta mamaye kasuwa saboda babbar taya ta fi hayewa kan dutse da rami ba tare da ta cije ba, kuma in ta ɗau gudu tana riƙewa. 27.5 ta fi saurin juyawa a kwana, gajeru sun fi jin daɗinta. Wasu har haɗawa suke, 29 a gaba 27.5 a baya. Kada wannan ya hana ka barci. Girman firem ya fi shi muhimmanci nesa ba kusa ba, keken da ya fi ƙarfinka ko ya yi maka kaɗan ba abin da za a yi masa ya gyaru, don haka ka duba jadawalin tsayi na kamfanin kuma in da hali ka hau ka ji.

Iska nawa zan sa wa taya? Ni na saba cika ta tim.

Nan ne kusan kowa ke fara kuskure, har da ni. Taya mai tauri kamar dutse a kan tsakuwa tsalle take yi, ba ta kama komai, hannunka ya yi ta karkarwa. Siririn keken titi yana shan psi 70 har 100, wato awon iskar da agogon famfo ke nunawa, na dutse kuwa in tayar tubles ce, mutum mai kilo 70 zuwa 80 yana zama wajen 22 zuwa 28, ta baya ta ɗan fi ta gaba. In da tub a ciki ka ɗan ƙara, in ba haka ba idan ka doki bakin dutse rim zai danne tub ɗin ya huda shi wuri biyu gefe da gefe kamar saran maciji.

Tubles ɗin da na ambata, taya ce da ba tub, ana zuba wani farin ruwa mai danƙo a ciki, ƙaya ta soke ka ruwan ya toshe kafin ka ma sani. Ranar da na cire tsohuwar tayata na ƙirga ƙayoyin da ke maƙale a ciki abin ya ba ni mamaki, ko sau ɗaya ban tsaya faci ba. Illarsa ruwan yana bushewa, bayan wata 3 zuwa 6 sai an ƙara, in zafi ya yi yawa ma bai kai haka ba. Ka sayi famfo mai agogo, matsa taya da yatsa ba awo ba ne.

Ina tsoron birkin gaba, an ce yana wuntsila mutum. Gaskiya ne?

Yana wuntsilawa in ka damƙe shi lokaci guda kana zaune ƙiƙam, hannu a sandare. Amma shi ne birkin da ke tsayar da keke na gaskiya, domin da zarar ka fara rage gudu nauyinka gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya kuma ta yi sakayau. Wanda ya dogara da na baya kaɗai a gangara jan ƙasa kawai zai yi ta yi, keken na tafiya abinsa, ga ɓata hanya.

Yadda ake yi, yatsa ɗaya a kan kowane hannun birki, manuniya, sauran yatsun suna riƙe da kan keke. Birkin mai na zamani yatsa ɗaya ya ishe shi. Ka matsa a hankali kamar kana matsa lemo kana gudun ya fantsama, duka biyun tare, kana sauke dugaduganka ƙasa kana tura nauyi ta cikin feda. Ka rage gudu kafin kwana, in ka shiga kwanar ka saki, don taya ba ta iya yin aiki biyu da kyau lokaci ɗaya, ko ta juya ko ta tsaya. A kan saiwa mai santsi ko dutse mai ruwa ma kada ka taɓa birki, ka bari ka wuce tukuna.

Wani abu da ke kayar da mutane a keken aro: a Ingila da Ostareliya hannun dama ne birkin gaba, a Amurka da yawancin Turai kuma na hagu ne. Duk keken da ba naka ba, ka matsa ka gani kafin ka hau.

To gangara fa? Da na hango ta sai cikina ya ɗuri ruwa.

Kowa haka ya fara, wanda ya ce maka bai taɓa ji ba ƙarya yake. Ka tashi daga sirdi, feda biyu su daidaita ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, nauyinka a ƙafa, hannu kuma sako-sako. Ka bar keken ya yi ta rawarsa a ƙarƙashinka. Jikinka shi ne babban shokozoba, ya fi wanda ka saya da kuɗi nisan motsi.

Sai maganar ido, wadda ita ce rabin wasan gaba ɗaya. Keke inda ka kalla nan yake zuwa. Ka ƙura wa dutsen da kake tsoro ido, wallahi sai ka doke shi, kamar da igiya aka ja ka. Na taɓa yin karo da kututture ɗaya tal a fili fetal, ga hanya ta dama ga ta hagu, abokan tafiyata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, kuma ba komai ya jawo ba illa shi nake kallo tun daga nesa. Ka kalli ratar da kake son bi, ka ɗaga haɓa ka hango mita 5 zuwa 10 a gabanka, in gudu ya ƙaru ka ƙara nisa.

Akwai sirdi mai sauka da kansa, ka danna wani ɗan maɓalli a kan keke ka zauna ya nutse, ka sake dannawa ya taso. A ganina bayan birki mai kyau babu abin da ya kai shi amfani. In ba ka da shi, ka tsaya a saman gangara ka sauke sirdin da hannu, ba wanda ke ƙirga maka lokaci. In kuma wurin ya fi ƙarfinka yau, sauka ka tura, da muguwar rawa gara ƙin tashi, gangarar tana nan ba inda za ta.

Hawan tudu yana neman kashe ni. Ƙarfi ne ba ni da shi?

Galibi giya ce ba ka canzawa da wuri, ko sirdinka ya yi ƙasa. Gwajin sirdi mai sauƙi: ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. In ka koma taka feda da gaban ƙafa za ta ɗan lanƙwashe daidai yadda ake so. Giya kuma ka sauke ta tun kafin tudun ya kama ka, in ka bari sai kana nishi sannan ka canza za ka ji ƙarau, haka ake tsinka sarƙa. Kekunan yanzu faifai ɗaya ne a gaba mai haƙori 30 ko 32, baya kuma giya 12 daga haƙori 10 har 51 ko 52, wannan babbar kamar faranti don kai aka yi ta, ba abin kunya ba ne. Ka juya ƙafa da sauƙi wajen sau 70 zuwa 90 a minti, ka zauna, ka matso bakin sirdi ka sunkuyar da ƙirji don kada tayar gaba ta ɗaga. Sati shida na hawa sau biyu ko uku, tudun da ke sa ka ganin taurari za ka hau shi kana hira.

Za a faɗi ne dole?

Za a faɗi. Yawanci ƙujewa ce a gwiwa da tafin hannu, amma akan karye, musamman ƙashin wuya da wuyan hannu, don mutum yakan miƙa hannu ya tare ƙasa. Hular kwano ba a tattaunawa a kanta, ko zagayen minti goma za ka yi. In ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ka canza ta ko da ba ka ga tsaga ba, don abin cikinta sau ɗaya yake shanye duka. Safar hannu da tabarau su ne na biyu, sai abin kare gwiwa in ka fara shiga duwatsu. In kanka ya bugu kana jin jiri, ko amai, ko ka kasa tuna yadda aka yi, hawan ranar ya ƙare, a kai ka asibiti. Na lura kuma yawancin faɗuwata a ƙarshen tafiya ne, lokacin da na gaji na ce bari in ƙara ɗaya.

Me zan riƙe in zan fita?

Ruwa fiye da yadda kake zato, tub ɗaya ko da tubles gare ka, ƙaramin famfo, abin ɓanɓare taya, alanki mai baki da yawa wanda ke da abin yanke sarƙa, mahaɗin sarƙa na gaggawa daidai da yawan giyarka, ɗan abin sa wa a baki, filasta, da waya mai caji. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo. Kuma don Allah ka koyi cire taya da canza tub a gida cikin inuwa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaya ake kula da shi?

Bokiti da soso da tsohon buroshi sun isa. Kada ka kai shi wajen injin wankin mota mai feshi da ƙarfi, yana tura ruwa cikin boris ya kore giris, bayan wata biyu ka fara jin kuka. Sarƙa ka goge ta, ka ɗiga mai a kowace gaɓa, ka juya, sannan ka goge na saman tas, mai a ciki ake buƙatarsa, wanda ya rage a waje ƙura kawai yake tarawa ta zama kamar sanfefa. Akwai ɗan ƙarfen awon sarƙa, in ya nuna 0.5 a keke mai giya 11 ko 12 ka canza ta kafin ta cinye haƙoran, sarƙa ta fi su sauƙin saye da nisa.

Mai kada ya kusanci faifan birki, ko na yatsanka ne. In ya taɓa, birkin zai yi ta ihu kuma ba ya kamawa. Man birki ma iri biyu ne, birkin kamfanin Shimano na amfani da nasu na minaral, yawancin tsofaffin na kamfanin SRAM kuma wanda ake kira DOT, ba a haɗa su, ka duba murfin kafin ka zuba. Shok yana son sabis, kamfanin RockShox masu ƙera shi ma cewa suke kowane awa 50 na hawa a yi ƙaramin. Ba zan ce ina cikawa ba, amma dai na faɗa maka.

Akwai wasu ƙa'idoji ne a hanya, ko kowa tasa ta fisshe shi?

Akwai. Ƙungiyar masu keken dutse ta duniya, IMBA, da aka kafa a 1988 ta tsara su a lokacin da ake ta rufe wa masu keke hanyoyi a Kalifoniya saboda ƙorafin masu tafiya a ƙafa. Mai keke shi ke ba mai ƙafa da mai doki hanya, mai gangarowa ya ba mai hawa, don wanda ya tsaya a tsakiyar tudu tashi sai ya yi da gaske. Ka yi magana ko ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, dabbobi kuma ka rage gudu kada ka firgita su. Kada ka shiga gonar mutane ko filin da ba a ba ka izini ba, kada ka bi hanya tana caɓi don sawun tayarka zai bushe ya zama kwata, sharar da ka zo da ita ka koma da abarka. A wuraren da aka tsara don wasan ana sa wa hanyoyi launi, kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙi na gwanaye, a Birtaniya akwai ja tsakanin shuɗi da baƙi.

Ni mace ce, kuma na haura arba'in. Lokaci bai wuce ba?

Bai wuce ba, 'yar uwa. Wasan ya fi son natsuwa da daidaito a kan ƙarfin damtse, kuma feda ba ta dukan gwiwa kamar gudu. Paola Pezzo ta Italiya ce ta ci zinaren mata na farko a 1996, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci na Paris a 2024, amma ke ba ma tsere za ki yi ba. Ki nemi firem daidai tsayinki da sirdin da ya dace da ke, a matso miki da hannun birki kusa in yatsunki gajeru ne, akwai ɗan noti na hakan. Tufa mai faɗi ki tattare ta kada sarƙa ko taya ta kama. In kina da hawan jini ko ciwon zuciya ki fara jin ta bakin likita.

Mai batir fa, ba ha'inci ba ne?

Wa aka ha'inta? Sai ka taka yake taimaka maka, a Turai doka ta tsayar da injin a wat 250 kuma yana daina turawa a kilomita 25 cikin awa. Ya dawo da mutane da yawa kan keke, masu ciwon gwiwa da waɗanda shekaru suka ja. Sai dai yawanci ya haura kilo 20, na gargajiya kuwa 13 zuwa 15, ranar da batir ya mutu maka a ƙasan kwari za ka yi bayani. Ni dai har yanzu ina son in san cewa ƙafata ce ta kai ni saman.

Ina ne wuraren da suka yi suna?

Whistler a Kanada, inda ake ɗaukar ka da kekenka a kujerar igiya zuwa sama. Moab a jihar Yuta ta Amurka, da hanyar Slickrock mai kilomita 17 a kan zallar jan dutse, wadda asali masu babur ne suka shata a 1969. Fort William a Sukotlan na masu gangara. A Afirka ta Kudu akwai tseren Cape Epic tun 2004, kwana 8 ana tafiya, bibbiyu ake shiga kuma ba a yarda ka bar abokinka a baya ba. Kallon su a waya da daɗi, sai dai kada ka kalli masu dirowa daga tsauni a gasar Red Bull Rampage ka fita da safe da zafin kai.

Me ya sa sai na mallaka? Ba zan riƙa ara ko haya ba?

Ka ara sau biyu ko uku ka tabbatar kana so, wannan daidai ne. Amma keken aro baƙo ne kullum. Naka kuwa a hankali yake zama kamar takalmin da ya saba da ƙafarka, sirdi a daidai inda ƙugunka yake so, hannun birki a inda yatsarka ke faɗawa ko ido rufe, ka san daidai inda tayar baya za ta fara zamewa, ka san wace ƙara ce ta banza wace ce ta a tsaya a duba. Wannan sanin shi ke ba ka ƙarfin halin sakin birki, kuma ba a samunsa a keken da za ka mayar da yamma.

Ga kuma 'yancin fita. Ba jiran kowa, ba neman mai, ka ga gari ya yi luf bayan ruwa ka jawo abinka, minti ashirin kana inda ba ka jin komai sai tsuntsaye da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Abin da ya fi kama ni, a hanya mai duwatsu ba ka da sararin tunanin bashi ko rigimar wurin aiki, kanka ya cika da dutsen gaba da wanda ke bayansa, awa biyu ka dawo jiki a gajiye kai kuma wasai. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, ni ban taɓa ƙirgawa ba, fita biyu ta wuce haka ban ma sani ba.

Har gyaran yana da nasa daɗin. Ranar da na fara saita giya da kaina ta shiga tsaf ba ƙara, na daɗe ina juya feda da hannu ina saurare kamar wani yaro. Kowace ƙarzuwa a jikin firem ɗina na san inda aka samo ta, akwai ta kututturen nan ma.

A ina zan ajiye shi?

Cikin ɗaki ko rumfa, inda rana da ruwa ba sa dukansa, rana tana cinye taya da robobin shok. In wuri ya yi ƙunci ka kafa ƙugiya a bango ka rataye shi ta tayar gaba, sai dai in ka sauke ka matsa birki sau da yawa kafin ka hau, wani lokaci iskar da ke cikin mai takan sa ya yi laushi. In ka cire taya don sa shi a mota kada ka matsa hannun birkin, takalman za su haɗe, ka cusa ɗan kwali a tsakaninsu. Ka ɗauki hoton lambar firem ka adana, a waje kuma ka ɗaure firem ɗin kansa da ƙarfe mai kauri a jikin abin da ba ya tumɓukuwa, in tayar gaba kaɗai ka ɗaure ita kaɗai za ka dawo ka tarar.